Kawuna zai zuba miliyan 2 a sana'ata amma yana son dubu 100 duk wata, in karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni matar aure ce a Zariya, ina yin yajin daddawa da garin kunun gyaɗa ina ƙullawa a leda da robobi, kuma alhamdulillah ana saye, har wasu shaguna sun fara karɓa. Matsalata jari, ina son injin niƙa nawa da na liƙe leda da kuma lambar NAFDAC. Kawuna ya ce zai zuba naira miliyan 2 amma duk wata in dinga ba shi dubu 100 kuma kuɗinsa na nan. In karɓa? Ko akwai inda ake samun masu zuba jari?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sa albarka a nema. Bari mu fara da maganar kawu domin ita ce a gabanki. Ɗauki kalkuleta, dubu 100 sau wata 12 ya zama miliyan 1 da dubu 200, wato kashi 60 cikin 100 na kuɗinsa a shekara guda kuma uwar kuɗin na nan a wuyanki. Ko lokacin da Babban Bankin Najeriya CBN ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024 bankuna wajen kashi 30 suke ba da rance, kin ga kenan na kawu ya ninka na banki. Kuma shi wannan tsarin ba zuba jari ba ne, bashi ne da ruwa a kai, tunda an yanke adadi ko an ci riba ko ba a ci ba, duk malamin da kika tambaya zai gaya miki haka. Ba wai kawu mugu ba ne, yawancin mutanenmu haka suka san abin, a ba ka kuɗi ka juya ka dinga kawo wani abu duk wata, sai randa kasuwa ta tsaya ko barkono ya yi tsada sannan a fara jin kansu a gidan biki ana cewa ai ta cinye masa kuɗi.

Abin da za ki kai masa shi ne musharaka, wato haɗin gwiwa, tunda ke ma kina da naki a cikin sana'ar. Ku zauna ku yi wa abin da kike da shi kuɗi, kayan da ke ƙasa, robobi, sikeli, bashin da kike bin shaguna. Misali a ce naki ya kama miliyan 3, shi ya kawo 2, jimla 5, to yana da kashi 40 kina da 60. In aka yi asara ba da sakacin kowa ba a raba ta daidai da wannan kason, ita kuwa riba yadda kuka yi yarjejeniya ne, kuma nan ne mata da yawa suke cutar kansu, su manta cewa su ne ke tashi da asuba suna suyar gyaɗa suna shaƙar yaji. Aikinki ma yana da kaso, don haka ki nemi naki na riba ya ɗara na jarinki, a ce 75 da 25 ko yadda kuka daidaita. Da a ce kuɗin duka nasa ne ke aiki kawai kike yi to mudaraba kenan, a can asarar kuɗi tasa ce ke kuma kin yi asarar wahalarki.

To amma fa ba zai yarda da rabon riba ba sai in zai iya ganin ribar da idonsa, kuma gaskiyarsa ne. Duk mai kuɗi, kawu ne ko banki ko wani Alhaji a Kwari, ba daɗin yajinki yake saye ba, lissafi yake son gani. Nawa kike kashewa a kan roba ɗaya har da kuɗin niƙa da gas da ɗan acaɓa, nawa kike sayarwa, guda nawa ke fita a wata, kwastomomi nawa ne ke dawowa. Ki buɗe asusu daban na sana'a, kada kuɗin cefane da na anko su bi ta cikinsa, duk ciniki ya shiga can ko ta tiransifa ko POS, ki sami littafi kina rubutawa kullum. Wata shida na wannan ya fi duk wani dogon bizines filan da za a buga miki a shagon kwamfuta wanda ke kanki ba ki san me ke ciki ba.

Sai rijistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rijista, dama NAFDAC za su nemi takardar. Ki lura da abu ɗaya, rijistar sunan kasuwanci kawai ba ta da hannun jari da za ki yanka wa wani, in kina son kawu ya shigo a hukumance sai kamfani limited, kuma tun dokar CAMA ta 2020 mutum ɗaya ma zai iya buɗe ƙaramin kamfani shi kaɗai.

Game da wasu ƙofofin, ni a ganina inji bai kamata ya sa ki sayar da kashi 40 na sana'arki ba in akwai wata hanya. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank da Lotus, suna yin murabaha, su sayi injin su sayar miki da ribar da aka sani tun farko ki dinga biya kaɗan kaɗan, sai dai za su nemi mai tsaya miki ko jingina kuma za su duba shige da ficen asusun nan da na ce ki buɗe. Akwai Gidauniyar Tony Elumelu da tun 2015 take ba masu ƙananan sana'o'i na Afirka horo da dala 5,000 wanda ba bashi ba ne, ana buɗe cikewa a farkon watan Janairu, kyauta ne, amma masu nema sun yi yawa sosai don haka ki cike kawai kada ki jingina lissafinki a kai. Ki leƙa ofishin SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, da Bankin Masana'antu BOI ki ji abin da suke da shi a lokacin. Duk wanda ya turo miki link a WhatsApp ya ce ki biya kuɗin fom ko ki turo BVN za a ba ki tallafi, ɗan damfara ne. Su kuma manyan masu zuba daloli da kike jin labari, irin waɗanda suka ɗaga Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Najeriya, har kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020, manhajojin da za su ninka kuɗi sau goma suke bi, kada ki ɓata data a kansu. Kuma kar ki raina na kusa, adashe zai iya saya miki injin liƙe leda, dilan da kike sarin gyaɗa a wajensa zai iya ba ki buhu ki biya bayan sati biyu in ya ga ba ki saɓa alkawari, shagon da ke karɓar kayanki zai iya ba da rabin kuɗi kafin ki kai.

In kun daidaita da kawu ku rubuta, ko don ayar nan ta 282 a Baƙara, da shaidu biyu, in da hali lauya ya duba. A saka yaushe za a dinga yin lissafi, duk wata uku ya fi duk wata sauƙi. A saka cewa yana da damar duba littafi amma ba zai aiko yaro ya ɗebi kaya ko kuɗi ba. A saka cewa kina da damar sayen kasonsa a hankali har sana'ar ta dawo taki, da kuma wata nawa zai ba ki sanarwa in yana son janye kuɗinsa, domin kuɗin da ya zama inji ba ya dawowa a kwana biyu. Sannan a rubuta yadda za a yi in ɗayanku ya rasu, magada za su ci gaba ne ko za a yi wa kason kuɗi a biya su, kuma cikin wata nawa.