Kwanan wata a Excel lamba ce aka sa wa riga

Toh yarona na ga saƙonka, wai a lissafin bashin da mai shagon takin nan na Sabon Gari ya kawo kwanan wata ya koma 45658, wasu gidajen kuma ##### ne kawai, kana tambaya ko fayil ɗin ya lalace. Bai lalace ba, kar ka goge komai dan Allah.

Shi Excel kwanaki yake ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu 1900, ranar ita ce lamba 1, kaga 45658 ɗin nan 1 ga Janairu 2025 kenan, riga ce kawai aka tuɓe mata. Zaɓi layin kwanan watan gaba ɗaya daga sama zuwa ƙasa ka danna Ctrl da 1, ka shiga Date, shikenan. ##### kuma gidan ne ya yi masa kaɗan, ja bakin layin ya buɗe, in ka ja bai tafi ba toh lissafin ne ya faɗa ƙasa da sifili.

Wannan duk wasa ne. Wanda yake haɗa mutum faɗa da kwastoma shi ne saitin Amurka da yake zuwa a kwamfutocin nan na hannu da muke saya, su wata suke fara rubutawa kafin rana, sai ka buga 03/04/2025 kana nufin 3 ga Afrilu kwamfutar kuma ta ɗauka 4 ga Maris ta yi shiru abinta, in ka buga 25/04/2025 kuwa tunda babu wata na 25 sai ta bar shi a matsayin rubutu zalla. Ni da ido nake ganewa, kwanan gaske dama yake jingina, rubutu hagu. Na hagun nan ko ka kwana kana danna Ctrl da 1 ba zai motsa ba, sai ka shiga Data, Text to Columns, Next sau biyu, ka zaɓi Date da DMY, wato rana, wata, shekara. Sannan ka je Region a Control Panel ka mayar da ita Najeriya ko Ingila.

Duk ranar da ta faɗo tsakanin 1 da 12 ga wata ka gwada ta da littafin Alhaji mai shagon na takarda ɗaya bayan ɗaya, bashi ne, kar mu sa ya bi manomi kuɗi lokaci bai yi ba. Ka yi kwafin fayil ɗin tukuna, ina Samaru yanzu, bayan la'asar zan shigo in duba.