Keken yayana ya lotse: in kai wa mai walda ko in bar shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ina da wani tsohon keke BMX, irin ƙananan kekunan nan na tsere da tsalle-tsalle, mai suna Raleigh Burner, shuɗi mai rawayen ƙafafun roba, wanda mahaifinmu ya sayo wa yayana tun ina ɗan firamare. Allah ya ji ƙansu su biyun. Keken ya fi shekara 20 a jingine a sito. Bana da muka tashi kwashe kaya, wani tsohon injin markaɗe ya faɗo a kan bututun sama, wanda ya tashi daga wuyan keke zuwa gindin sirdi, ya lotsa shi daidai tsakiya, kamar an danna babban yatsa a malmalar tuwo. Mai walda ya ce zai huda wajen, ya sa ƙugiya ya jawo, sannan ya like. Fanal bita kuma ya ce a cike da bodi fila a fesa wa keken sabon fenti gaba ɗaya. Ɗana mai shekara 11 ya ƙwallafa rai a kansa. Wanne zan bi?

Daga wani mai karatu a Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinku da yayanka. Ka dakatar da mai waldan nan tukuna, kada ya kusanci keken da wuta.

Abin da ke hannunka ba tarkace ba ne. Kamfanin Raleigh na Nottingham a Ingila, masu Ralin nan da iyayenmu suka hau zuwa kasuwa da gona, su suka fito da Burner a 1982, lokacin da wasan BMX ya tsallako daga Kalifoniya ya mamaye yaran Turai. Shuɗin mai rawayen ƙafafu da ka kwatanta, shi suke kira Tuff Burner. Yau a can akwai magidanta masu furfura da ke neman irinsa ido rufe, kuma abin da suke biya wa kuɗi shi ne asalin fenti da asalin sitika. Shawarar fanal bita ta fesa fenti gaba ɗaya ita ce za ta fara zubar da darajar keken, tun kafin a zo batun lotsa.

Akwai lotsewa, akwai lanƙwasa, akwai tsagewa. Mutane suna haɗa su a kwando ɗaya, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne. Kafin ka kashe ko sisi, ka gano wanne ne ya samu naka, kuma duk gwajin a tsakar gida za ka yi shi.

Fara da mayen ƙarfe. Ɗora shi a bututun. In ya kama, ƙarfe ne, kuma na Burner kamawa zai yi. Na kawo wannan ne don sauran masu karatu, domin akwai tsofaffin BMX na alminiyam, irin su PK Ripper, da kan ɓullo a cikin kekunan gwanjo. Alminiyam ba ya yarda a tanƙwara shi a mayar. Ya fi son ya tsage. In an yi masa walda kuma sai an sake gasa firam ɗin, wato gangar jikin keken, a tanda ta musamman kafin ƙarfinsa ya dawo. Mai irin wannan keke, in lotsar ta yi zurfi, ya rataye shi a bango ya huta.

Sai gwajin zare. Cire ƙafar baya. Ɗaura zare a bakin da ƙafar ke shiga ta hagu, ja shi ya zagayo ta gaban wuyan keke, ka dawo da shi bakin dama ka ɗaure tamau. Yanzu ɗauki rula ka auna tazarar zaren da bututun sirdi, hagu da dama. In awon biyu ya zo ɗaya, ko bambancin bai wuce milimita 2 ba, firam ɗin bai karkace ba. Daga nan ka shafa yatsa a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, dab da wuya. In ka ji wani ƙulli ko ƙarfen ya tattare kamar fatar goshi, to keken ya taɓa yin karo da bango ko kwalbati tun zamanin yayanka, kuma wannan ya fi lotsar injin markaɗe haɗari nesa ba kusa ba.

Na uku shi ne wanda maigidana ya koya mini ina yaron shago. Goge wajen lotsar, shafa kananzir, bar shi ya jiƙa kamar minti goma, ka goge tas da busasshen tsumma, sannan ka barbaɗa garin alli. In akwai tsaga, komai sirantarta, kananzir ɗin da ya shige ciki zai tsattsafo ya zana baƙin layi a kan allin. Ka yi haka a duk mahaɗar walda ta keken, musamman kewayen wuya da gindin feda.

To, in zare ya zo daidai, alli ya fito fari, lotsar kuma lumui take ba ta da kaifin baki, shawarata ita ce ka bar ta. Na san ba abin da ka so ji ke nan ba. Amma tsakiyar bututun sama na daga cikin wuraren da ba su cika shan wahala ba a jikin keke. Wahalar tana taruwa ne a mahaɗai. Kuma Burner irin naka da ƙarfen gama-gari mai kauri aka yi shi, shi ya sa yake da nauyi kamar alhaki. Wannan nauyin da yaran da suke ƙorafi a kai, yau shi ne rufin asirinka. Ma'aunina, na shago ba na littafi ba: in zurfin lotsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin bututun ba, kuma ƙarfen bai naɗe ya yi layi ba, ina barin yaro ya hau.

Dalilin da ya sa nake tsoron mai waldanka, ni ma na taɓa yin irin aikinsa. Ina matashi aka kawo mana wani BMX mai walƙiya, an lotsa shi a motar kaya. Maigida ba ya nan, na ga dama ta samu in nuna gwaninta. Na kai wa maƙwabcinmu mai waldar lantarki, na ce ya ɗiga ƙusa a tsakiyar lotsar mu ja. Yana taɓawa wuta ta cinye wajen, rami ya buɗe wanda ɗan yatsana ke shiga. Kaurin bangon bututun keke bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba, shi kuwa sandar da yake ƙera ƙofa da taga ita ya ɗauko. Muka yi ta cikewa ramin yana ƙara faɗi. Garin neman gira muka rasa ido. Kuɗin firam ɗin daga ɗan abin da nake samu aka yi ta cirewa har damina ta wuce.

In kuwa lotsar ta tsaya maka a rai, duk ka kalle ta sai ka ji ba daɗi, akwai hanyar da masu ƙera firam ke bi, kuma ba ta buƙatar wuta. Auna kaurin bututun da kyau, a wajen da bai lotse ba; a kekunan wancan zamani za ka tarar da inci ɗaya, wato milimita 25.4, ko kuma 28.6. Je wajen kafinta ya samo maka guntun katako mai tauri, irin maɗaci, ya huda rami daidai wannan awon, ba ƙari ba ragi, sannan ya tsaga katakon gida biyu ta tsakiyar ramin. Ka lafta giris, ka rungume bututun da ɓari biyun a kan lotsar, ka sa a bais ɗin makanike. Matsa kaɗan, ka riƙa juya firam ɗin gaba da baya, ka ƙara matsawa kaɗan, ka sake juyawa. Haƙuri aikin ke so. Abin da ke faruwa shi ne, duk inda bututu ya lotse, gefensa biyu sun kumbura. Katakon yana danne kumburin, shi kuma yana turo cikin lotsar waje. Ba za ta ɓace ƙurmus ba, amma za ta ragu sosai, bututun ya koma kusa da zagayensa na asali. Ka sani fentin wajen zai goge, in akwai sitika a kai kuma ta tafi ke nan. Don haka ka duba da kyau: in rubutun Burner ne a daidai wajen, ni dai ba zan taɓa ba.

Ɗan ramin da ya rage, nan ne bodi fila ke da amfani, amma ɗan kaɗan, a wajen kawai. Kankare da samfefa har ƙarfe ya fito, cike, goge, sa fentin ƙasa, sannan mai haɗa fentin mota ya haɗa maka shuɗin da ya dace ka taɓa da ƙaramin buroshi. Ka dai riƙe cewa fila kwalliya ce, ba ta ƙara wa ƙarfe ƙarfi ko na ƙwayar zarra. Wasu da tagulla suke cikewa, da waldar gas. Ya fi fila ƙarko, amma tagulla sai zafi ya doshi digiri 900 take narkewa, fentin kusan tafin hannu guda zai ƙone, kuma sai hannun da ya saba da siririn bututu. Wanda kekensa mai walƙiyar kurom ne, kada ma ya fara: wuta tana ɓata kurom ɗin har abada, hayaƙin da ke tashi kuma guba ne ga huhu.

Za ka ji wasu na cewa a cika bututu da ruwa a toshe a sa a firiza, ƙanƙara ta turo lotsar. Ƙanƙara ba ta san inda lotsa take ba, inda ya fi rauni take fasawa.

Ni abin da ya fi damuna game da ɗanka ba lotsar ba ce. Keken da ya yi shekara 20 a sito, tsatsa ta ciki ita ce abar tsoro. Zare sandar sirdi, ka haska tocila cikin bututun, ka juya keken ka girgiza. In jan gari ne kaɗan ya zubo, zuba baƙin mai mai tsabta ka jujjuya ya game ciki. In ɓawo-ɓawo ne ke faɗowa, ka ƙwanƙwasa ƙasan bututun kusa da feda da bayan sukundireba ka saurara. Inda ƙarar ta mutu, ƙarfen ya ci. Sannan waɗannan rawayen ƙafafun roba sun haura shekara 40 yanzu, ga zafin sito. Duba kowane reshe, da kewayen cibiyar ƙafar, ko akwai tsaga. Taya da tib na inci 20 suna nan a kasuwa, ka canza su duka, haka robar birki da wayarsa.

In ya fara hawa, ka zagaye bakin lotsar da alƙalamin maka, ka ɗauki hoto da waya. Duk ƙarshen wata ka sake gwajin alli ka gwama da hoton. Kuma ka gaya masa Baba ya ce hawa a unguwa da zuwa Islamiyya ba laifi, amma ban da tsallake kwata, ban da goyon aboki a kan bututun nan. Ka leƙa ƙarƙashin gindin feda ko wajen bakin ƙafar baya, za ka ga lamba a buge a jikin ƙarfe. Rubuto mini ita tare da awon zaren da ka samu, hagu da dama.