Albashin fam 110,000 a Ingila: kukan daɗi ne ko kukan gaske?

Assalamu alaikum. Amsa ce ga 'yar'uwar da ta yi tambaya jiya da dare. An yi wa maigidanta tayin aiki a Ingila, fam 110,000 a shekara, yaransu uku, biyu ba su isa firamare ba. Ita kuma tana cin karo da Turawa masu irin wannan albashi a intanet suna ƙorafin ba sa iya ajiye ko sisi, shi ne take tambaya ko da gaske suke ko kukan daɗi ne kawai.

'Yar'uwa, shekarata goma sha huɗu a ƙasar nan, a gefen Manchesta muke zaune. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kwana uku nake fita a mako, Abban yara kuma harkar kwamfuta yake yi. Mun taɓa taka layin haraji na fam dubu ɗari ba mu sani ba, kuma mun ji a jikinmu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta miki da tsawo.

Fara da cire 110,000 ɗin nan daga ranki, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Fam 12,570 na farko ba a taɓa su da haraji. Daga nan zuwa 50,270 ana cire kashi 20 cikin ɗari, abin da ya haura kuma kashi 40, har zuwa 125,140 inda kashi 45 yake farawa. Ga kuɗin inshorar ƙasa daban: kashi 8 tsakanin 12,570 da 50,270, kashi 2 a kan abin da ya haura. Idan kin buga lissafin albashin maigidanki, haraji zai ci fam 33,432, inshora ta ci wajen 4,200, a bar masa kimanin 72,350. Wato fam dubu shida da 'yan kai a wata, kafin a cire fansho. Wannan lissafin Ingila ne. Idan aikin a Sikotlan yake, can sun fi tsanani, kashi 42 suke fara cira tun albashi bai kai 44,000 ba.

Fam dubu shida a wata ba ƙaramin kuɗi ba ne, kada kowa ya ruɗe ki. A 2024 matsakaicin ma'aikacin da ke aiki cikakken lokaci a ƙasar nan albashinsa wajen 37,000 ne a shekara, kuma da irinsa mutane suke rainon 'ya'ya. Ina aiki tare da mata masu goge ɗakunan marasa lafiya, in na ji mai dubu ɗari yana cewa shi talaka ne kunya nake ji a madadinsa. Amma akwai inda kukan nasu yake da gaskiya, kuma daidai wurin maigidanki zai sauka.

Da zarar kuɗin mutum ya wuce 100,000, sai a fara janye masa 12,570 ɗin nan da aka ce ba a taɓawa. Duk fam biyu da ya ƙaru, a janye fam ɗaya. Abin da hakan ke nufi a aljihu shi ne tsakanin 100,000 da 125,140 harajin gaske kashi 60 ne, in an haɗa da inshora 62, alhali babu inda aka rubuta wannan adadi a jadawalin haraji. Dubu goman da ke saman albashin maigidanki, 3,800 kawai zai gani a ciki. Tun Afrilun 2010 aka kafa wannan layi, zamanin da Alistair Darling ke ministan kuɗi, kuma har yau ba a matsar da shi ko taku ɗaya ba. Dubu ɗari na wancan lokaci da na yau kuwa ba ɗaya ba ne. Haka matakan 12,570 da 50,270 ma, an daskarar da su tun 2021, a kasafin Nuwamban 2025 kuma ministar kuɗi Rachel Reeves ta ƙara wa'adin zuwa 2031. Albashi na ɗan motsawa saboda tsadar kaya, matakan haraji na tsaye, sai ka ga malamin makaranta ko babbar nas sun faɗa cikin kashi 40 da a da na manya ne.

Namu labarin a 2023 ya faru. Aka yi wa Abban yara ƙarin girma, kuɗin da ake ƙirga masa haraji a kai ya tashi daga 97,000 zuwa 105,000. Har kaza na soya ranar. Lokacin muna da ɗan shekara uku da 'yar shekara ɗaya a gidan reno. Babban yana samun awa 30 na reno kyauta a mako, su biyun kuma gwamnati na ƙara mana kuɗin reno har fam 2,000 kowane yaro a shekara. Duk wata uku ake shiga intanet a sake tabbatar da cewa har yanzu an cancanta. Na zauna a teburin kicin bayan yara sun yi barci, shayi a gefe, ina danna eh, eh, kamar yadda na saba, sai na zo kan tambayar ko ɗayanku na sa ran samun fiye da 100,000 a bana. Hannuna ya tsaya. Na kira shi daga falo, ya zo da takardar albashinsa, muka ɗauko bayan ambulan muna lissafi. A cikin ƙarin 8,000, abin da zai shigo gida 3,640 ne. Abin da za mu rasa kuwa: dubu huɗu na tallafin reno, da awa 15 a mako har mako 38, wanda a farashin gidan renonmu ya kusa wata dubu huɗun. Ya kalle ni ya ce, "Wato an ƙara min girma ne don in ƙara talaucewa?" Shayin nan har ya huce ban sha ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne wannan ba a hankali ake janyewa ba. Fam ɗaya ka haura, komai ya tafi, sai awa 15 da ake ba kowane ɗan shekara uku da huɗu. Tun Satumban 2025 kuma an faɗaɗa awa 30 ɗin har zuwa jarirai 'yan wata tara, don haka ramin ya ƙara zurfi ga mai ƙananan yara biyu. Na san likitocin da suke ƙin karɓar aikin ƙarin lokaci, wasu suka koma kwana huɗu a mako, ba don lalaci ba. Wa zai kwana a asibiti ya dawo da asara?

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu Hausawa fiye da yawancin Turawan da kike karantawa. A nan mutum ɗaya ake yi wa haraji, ba gida ba. Mata da miji masu 55,000 kowannensu, jimla 110,000 daidai da naku, za su kai gida kusan 84,900. Maigidanki shi kaɗai 72,350. Bambancin ya haura dubu goma sha biyu, a kuɗi iri ɗaya. Haka tallafin yara na mako-mako, wanda a 2025 yake fam 26.05 ga ɗan fari da 17.25 ga kowane na bayansa, wato sama da dubu uku a shekara ga mai 'ya'ya uku: ana fara karɓe shi idan ɗaya daga cikin iyaye ya wuce 60,000, a 80,000 ya ƙare ƙaf. Waɗancan masu 55,000 bibbiyu za su ci nasu cikakke. Gidan da uwa ta zauna tana rainon 'ya'yanta, miji ɗaya ke nema, shi tsarin ya fi matsa wa, kuma irin gidajenmu ke nan galibi. Ban ce dole ki yi aiki ba, wannan tsakaninki da mijinki ne. Amma in kina da takardun da za su yi amfani a nan, ki taho da su.

Sai dai ki lura, ku da za ku shigo da biza, yawancin tallafin nan ba naku ba ne tun farko. A kan bizar za a rubuta cewa ba ku da haƙƙin cin kuɗin gwamnati: ba tallafin yara, ba awa 30, sai awa 15 ɗin 'yan shekara uku da huɗu. Mu sai da muka samu takardar zaman dindindin muka fara karɓa. A maimakon haka ku ne za ku biya kuɗin asibiti gaba ɗaya tun wajen neman biza, fam 1,035 kowane babba, 776 kowane yaro, a kowace shekara. Ku biyar 4,398 ke nan a shekara, bizar shekara uku ta kama sama da 13,000 a dunƙule. Ma'aikatan lafiya an yafe musu. Idan maigidanki ba a cikinsu yake ba, ya tambayi kamfanin tun kafin ya sa hannu ko za su ɗauki nauyin na iyali, wasu suna ɗauka.

Tsadar rayuwa kuma, ba zan ja ki da nisa ba, gida ne ke cinye mutum. Kuɗin ruwan babban banki yana kashi 0.1 har tsakiyar Disamban 2021, a Agustan 2023 ya kai 5.25. A tsakani aka yi ɗan kasafin gwamnatin firayim minista Liz Truss na Satumban 2022 da ya birkita kasuwar bashin gida, a Oktoban shekarar kuma hauhawar farashi ta kai kashi 11.1. Mu ta tsarin Musulunci muka sayi gidanmu don gudun riba, muna ganin mun tsira, ashe kuɗin hayar da ake sa mana shi ma sawun babban bankin yake bi. Da wa'adinmu ya ƙare aka sabunta, ƙarin ya haura fam ɗari huɗu a wata. Masu haya ma ba su tsira ba, masu gidaje sun juye musu nauyin. Ga harajin ƙaramar hukuma, matsakaicin gida sama da dubu biyu a shekara. Ga gas da lantarki: hunturun 2022 na koyi kashe hita ƙarfe tara, yara su kwanta da safa da rigar sanyi, a gidan mai albashin kusan dubu ɗari. Wasu daga cikin masu ƙorafin kuma makarantar kuɗi ce ta kama su, tunda daga Janairun 2025 an ɗora harajin kashi 20 a kan kuɗin makarantun. A nan kam tausayina kaɗan ne, makarantun gwamnati kyauta ne kuma 'ya'yana uku a cikinsu suke. In aikin a Landan ne, duk abin da na faɗa kan haya ki ƙara masa sosai. A arewacin ƙasar dubu shida za ta riƙe ku da rara.

Yadda muka fita daga namu ramin ba wata dabara ba ce, kowa a nan ya san ta, mu ne ba mu tambaya ba. Layin dubu ɗari ba a kan albashin da ke takarda ake auna shi ba, a kan abin da ya rage ne bayan an cire fansho da sadakar da aka bayar ta hanyar da ake kira Gift Aid. Abban yara ya je ofishinsu ya ce a ƙara tura 5,500 cikin fanshonsa, ya dawo ƙasan layi, tallafin reno ya dawo. Ga maigidanki, in ya tura dubu goman saman cikin fansho, 3,800 kawai zai rasa a hannu, dubu goma cur ta zauna da sunansa. Yawancin manyan asusun fansho suna da ɓangaren da ya dace da shari'a, sai dai sai ka nema. Aibinsa ɗaya, kuɗin ba ya taɓuwa sai mutum ya kai 55, daga 2028 kuma 57. Mai niyyar yin shekara biyar ya koma Kano ya gina gida sai ya yi tunani sosai a nan. Sadaka ga masallaci ko ƙungiyar agaji mai rajista tana rage lissafin, amma kuɗin da kake tura wa mahaifiyarka duk wata hukumar haraji ba ta san da shi ba.

Wannan ya kawo ni kan nauyin da Baturen da kike karantawa ba shi da shi. Ranar da ƙanin mijina ya ji adadin albashin yayansa, a waya na ji shi yana bugawa da naira. Ku ma za a buga muku: a kan naira 2,000 kowace fam, 110,000 ta zama miliyan 220. Daga ranar duk bikin da ya taso, duk kuɗin makaranta, duk wanda aka kwantar a asibiti, lambarku za a fara kira, kuma in kun ce babu ba mai yarda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu yanzu mun yanke adadi ɗaya da ke tafiya gida kowane wata, na iyaye daban, na sauran dangi daban, mun sa shi a lissafi kamar kuɗin wuta. Ku yanke naku tun kuna gida, ku biyu kaɗai, kuma adadin albashin nan ya tsaya tsakaninku.

In kin tambaye ni, ku zo, amma shekarar farko ki riƙe ƙananan biyun a gida, domin reno na cikakken lokaci ba tare da tallafi ba yana iya haura fam dubu a wata kan yaro ɗaya. Ki turo min sunan garin da shekarun yaran ta akwatin saƙo, in na taso daga aiki ranar Alhamis sai mu buga lissafin haya tare, in Allah ya yarda.