Filin Tambaya da Amsa: Digiri na Biyu a Fannin Bin Doka da Raya Ƙasa

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan karatun lauya mai zurfi. Lauyoyi da malaman jami'a da ke kula da filin su suka amsa.

Barista Hauwa, Wunti, Bauchi: Shekara uku ke nan ina aikin lauya. Ina jin ana maganar LLM, wato digiri na biyu na lauya, a fannin bin doka da raya ƙasa. Me ake koyarwa a ciki, kuma me ya raba shi da wanda ake yi a harabar Kongo ta ABU Zariya ko a Jami'ar Jos?

Barista, LLM ɗin da kika sani yana zurfafa ki ne a reshe ɗaya na doka, kasuwanci ko laifuka ko tsarin mulki. Shi kuwa wannan, abin da yake bincika shi ne dalilin da ya sa doka take rubuce da kyau amma ba ta kai ga talaka. Ɗauki abin da kike gani kullum. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, ta ba ofishin Antoni Janar kwana 14 ya fitar da shawara bayan fayil ya iso, ta kuma ɗora wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata. Jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari. Duk da haka, kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi.

Lauyan kotu zai nemi belin mutum ɗaya, ya yi nasara, ya koma ofis. Wanda ya yi wannan karatu zai bi fayil ɗin ne da ƙafa: kwana nawa ya yi a hannun ɗan sanda mai bincike kafin a yi kwafinsa, wa ke biyan kuɗin kwafin, wa ke kai shi Ma'aikatar Shari'a, a wane littafi ake rubuta isowarsa, lauya nawa ke duba fayiloli nawa. Sau da yawa a nan za a tarar an canza wa mai binciken wurin aiki, fayil ya kwana a durowa, majistare kuma ba shi da hurumin sauraron laifin kisa ko fashi, sai ya yi ta ɗage zama. To kwas ɗin yana koyar da yadda ake gano irin wannan cikas da alƙaluma, a tsara aikin gyara, a yi masa kasafi, a rubuta daftarin doka ko ƙa'idojin kotu, a kuma sa ma'aunin da zai nuna ko gyaran ya yi amfani. Za ki sha lissafi da rubuta rahoto fiye da yadda kike zato.

Jami'ar Loyola ta Chicago ta buɗe irin wannan shiri a birnin Rum a 2011. A Ingila akwai Warwick da SOAS ta Landan, shekara ɗaya, da kundin bincike a ƙarshe. A Afirka ta Kudu, Cibiyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Jami'ar Pretoria tana gudanar da nata tun 2000, inda ake yin rabin shekara a Pretoria, rabi a wata jami'ar Afirka kamar Makerere ta Uganda. Mu a ganinmu, wanda bai taɓa zama a rajistarar kotu ya ga yadda takarda ke tafiya ba, ya dakata tukuna. Ke da kika yi shekara uku kin isa.

Barista Usman, Jekadafari, Gombe: Sau biyu ina neman Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, ban ko kai matakin ganawa ba. Ina matsalar take?

Barista, fara da sharuɗɗan da ba a sassautawa. Chevening na neman awa 2,800 na aiki, wato kamar awa 35 a mako har mako 80, da zaɓen kwasa-kwasai uku, da mutum biyu masu ba da shaida, da alƙawarin komawa gida na shekara biyu bayan karatu. Ana buɗewa a watan Agusta, a rufe bayan kamar wata biyu zuwa uku. Idan lissafin awanninka bai cika ba, ba wanda zai ma karanta rubutunka.

In sun cika, to yawanci a rubutun nan huɗu ake faɗuwa: jagoranci, hulɗa da jama'a, dalilin zaɓen kwas, da shirin aiki bayan dawowa. Mutanenmu suna da kunya, sai su rubuta "mun yi", "an yi", ko su cika shafi da cewa Najeriya na fama da rashin adalci. Masu tantancewa sun san wannan. Abin da suke nema shi ne: na lura da kaza a kotu kaza, na tara lauyoyi kaza na reshen ƙungiyarmu, muka riƙa ziyartar ofishin 'yan sanda duk Juma'a, aka saki mutum kaza. Ka faɗi adadin gaskiya, domin a ganawa za a tone shi. Kwasa-kwasan uku kuma su zama dangin juna. Wanda ya zaɓi dokar man fetur da haƙƙin ɗan Adam da dokar ruwa a takarda ɗaya ya nuna tafiyar yake so, ba karatun ba.

Sai takardu. Ka nemi takardar sakamakon jarrabawarka daga jami'a tun wata shida kafin lokaci, don ita ce ta fi ɓata wa mutane shiri. Ka daidaita sunanka: Muhammad a fasfo, Mohammed a WAEC, Moh'd a shaidar digiri, wannan kaɗai kan tsayar da shigar mutum, sai an haɗa da takardar rantsuwa daga kotu. Jami'o'in da ke neman jarrabawar Turanci ta IELTS kan sa maki 6.5 ko 7 a fannin lauya, sakamakon kuma shekara biyu yake aiki. Wasu na karɓar C6 na Turancin WAEC, sai ka duba kowace. Bizar Birtaniya na buƙatar gwajin tarin fuka. Kada kuma ka rataya komai a ƙofa ɗaya: akwai tallafin Commonwealth, akwai shirin Helmut Schmidt na DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, Pretoria ma na ɗaukar nauyin wasu ɗalibanta.

Malam Sani, Misau: Ni magatakardan kotun shari'ar Musulunci ne, difloma gare ni a fannin shari'a. Zan iya shiga?

Malam Sani, da difloma kaɗai ba za a ɗauke ka ba, sai da digirin farko. Hanya mafi kusa ita ce shiga kai tsaye ta JAMB zuwa aji biyu, ga tsangayar lauya ta jami'ar jiha nan a garinku. Da ka samu digiri, ko ba na lauya ba ne, Loyola na da digiri na biyu mai suna MJ, Pretoria na da mai suna MPhil, duka don irinku. Amma ka sani, babu ɗayansu da zai sa ka tsaya gaban alƙali da hular lauya. Wannan sai da digirin farko na lauya (LLB) da Makarantar Horas da Lauyoyi. Littafin rajistar da ke gabanka kuwa dukiya ce. Ka fara lura tun yanzu: ƙarar gado wata nawa take ɗauka, sau nawa ake ɗagewa saboda sammaci bai isa ba, mata nawa ke janye ƙarar ciyarwa kafin hukunci.

Alhaji Bappa, Kumo: 'Yata ce ke son tafiya. Tsorona biyu: kada a cusa mata dokar Turawa ta raina tamu, kuma in ta dawo wane aiki za ta yi?

Ranka ya daɗe, tsoron farko malaman fannin sun riga ka jin sa. A shekarun 1960 an yi ta kwaso tsarin shari'ar Amurka ana dasawa a Afirka da Latin Amurka, kafin tsakiyar shekarun 1970 masu yin da kansu suka yarda bai kama ba. Mu ma muna da namu tarihin: kundin laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960, daga na Sudan aka tsara shi, na Sudan kuma daga na Indiya. Shi ya sa shiri mai kyau a yau yake ɗaukar mai unguwa da hakimi da zauren sulhu da kotun shari'a da muhimmanci, tunda nan ne yawancin rigimar gona da aure da gado ke ƙarewa. Za ta haɗu da ra'ayoyin da suka saɓa wa tarbiyyarta, babu shakka. Wadda ta tafi da karatun fiƙihu da sanin kotunan gida ita ke da abin faɗa a aji.

Maganar aiki kuwa, gaskiya kasuwar ƙungiyoyin agaji ta tsuke tun da Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, a 2025. Akwai sauran ƙofofi: hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNDP), da ƙungiyar bunƙasa bin doka ta IDLO mai hedikwata a Rum, da shirin bin doka da yaƙi da rashawa (RoLAC) na Tarayyar Turai, amma gasa ta yi tsanani kuma kwangila ce ta shekara ɗaya ko biyu. Aikin da ya fi ɗorewa yana Ma'aikatar Shari'a, da sashen tsara dokoki na majalisar jiha, da Hukumar Ba da Agajin Shari'a, da koyarwa a jami'a. Idan tana aikin gwamnati yanzu, kada ta ajiye. Ta nemi hutun karatu a rubuce, ta karɓi takardar amincewa kafin ta sayi tikiti. Ba mu ba da shawarar a sayar da gona ko gida don wannan digiri ba. In tallafi bai samu ba bana, ta yi LLM a Zariya ko Kano, ta ɗora kundinta a kan matsala ɗaya ta kotunan Gombe, ta sake nema baɗi da wannan binciken a hannu. Idan kuma da aure, a san cewa tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na zaman aji, wanda ba na bincike zalla ba, tafiya da iyali, sai waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, don haka a zauna da mijin a yanke wannan tun kafin a cike fom.