Ƙanena, ga kalmomin da za ka ji a Ingila cikin Disamba

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka ci jarrabawar Turanci ta IELTS, makaranta ta ba ka gurbi, kana tambaya ko Turancin da ka iya zai ishe ka. A aji zai ishe ka. Amma idan Disamba ta kama, buɗe kunnenka da kyau, domin lokacin Kirsimeti mutanen nan ke fito da kalmomin da ba a koya mana a makaranta ba, wasunsu kuma sun shafi abin da za ka kai bakinka.

Idan aka miƙo maka faranti aka ce "pigs in blankets", ba wasa ba ne, tsiran alade ne aka naɗe da siririn yankan naman alade. "Mince pie" kuwa sunansa na ruɗar baƙo: "mince" niƙaƙƙen nama ne, amma wannan busassun 'ya'yan itace ne da kayan ƙamshi a ciki. Sai dai wasu kan zuba barasa ko kitsen dabba, don haka juya kwalin ka karanta. "Mulled wine" da ake sayarwa da zafinsa a kasuwar Kirsimeti ta Manchester, ƙamshin kanumfari da kirfa na tashi sai ka ce shayin Sudan, to giya ce.

Shekarata ta farko a wurin aiki aka ce za a yi "Secret Santa". Kowa ya zari takarda mai sunan abokin aiki, ya saya masa 'yar tsaraba a ɓoye, wadda ba ta wuce fam 10 ba. Sunan wata dattijuwa ya faɗo mini, na saya mata dabino mai kyau. Daga baya ta gane ni ne, tun ranar kuma ita ce ke fara yi mini barka da Sallah a ofis.

Idan ka ƙi shiga wani shagali, wani zai iya tsokanarka da "Scrooge". Sunan wani marowaci ne a littafin da Charles Dickens ya fitar a 1843, wanda ya tsani Kirsimeti, shi ne mai yin tsaki da cewa "Bah, humbug". Kada ranka ya ɓaci. Gaya musu addininka ne ya hana ka zuwa wurin shan giya, yawancinsu sukan gane nan take.

"Boxing Day" ba ranar dambe ba ce, 26 ga Disamba ce, ranar hutu da rangwame a shaguna. Ranar 25 kuwa jirgin ƙasa ba ya tashi, manyan shaguna a rufe, don haka yi cefanenka tun 24. In ka ji an ce "it's Baltic", ana nufin sanyi ya kai maƙura. A nan Manchester, kafin ƙarfe 4 na yamma Magariba ta yi, don haka sa rigar sanyi mai kauri a lissafin kuɗinka tun kana Kano.