Ba kowane "Kil" ba ne kurmi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu kan gandun daji a Sikotland. Na tattara sunayen garuruwa masu farawa da "Kil" don in nuna inda kurmi yake a da, saboda na gani a intanet cewa daga coille ne, wato kurmi da harshen Gelik, tsohon harshen mutanen Sikotland. Mai duba aikina ya soke fiye da rabi da jan biro, ga shi saura wata biyu in miƙa. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankali, 'yata, aikin bai mutu ba. Amma mai duba aikinki bai zalunce ki ba.

Kuskurenki shi ne wanda na gaji da gyarawa: ɗaukar rubutun Turanci na kan allon hanya a ciro ma'ana daga cikinsa. Rubutun nan kunnen baƙo ne ya haife shi, kamar yadda Sakkwato ta koma Sokoto. Baƙon ya ji kalmomi dabam-dabam, ya zuba su a ƙwarya ɗaya. Cill coci ce ko ɗakin ibadar wani waliyyin Kirista, coille kurmi, caol kuma wuri mai ƙunci, galibi mashigin ruwa. Kilmarnock, Kilmartin da Kilbride duk coci ne, har sunan waliyyin na manne a baya. Killiecrankie, inda aka gwabza yaƙi a 1689, wannan kam coille ce. Kylemore ta Ailan "babban kurmi" take nufi, amma Kyle of Lochalsh mashigin teku ne, ba ruwansa da bishiya. Idan kika saka Kilbride cikin jerin dazuzzuka, kin dasa kurmi a kan maƙabartar coci ke nan, kuma wani zai zo gobe ya kafa hujja da takardarki.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu yawo da 'yan buɗe ido da masu shafukan Facebook, da ke raba jerin "kaza na nufin kaza" kamar goro a wurin suna, alhali ko gaisuwa ba su iya ba da Gelik. Ko dutsen Ben Nevis, mai tsayin mita 1,345, masana ba su daidaita kan ma'anar Nibheis, wato Nevis da Gelik, ba, amma ɗan jagora zai rantse miki cewa "dutsen da kansa ke cikin gajimare" ne.

Kin kuma bar kurmi na gaske a baya. Kingussie ba ta fara da "Kil" ba, amma asalinta Ceann a' Ghiùthsaich, wato bakin dajin itacen fayin. Ki nemi doire, ƙaramin kurmi, da darach da beithe, waɗanda sunayen itatuwa ne. 

Kowane suna a jerinki, ki nemo shi da Gelik a rumbun sunayen wurare na Ainmean-Àite na h-Alba, ki gwada da littattafan sunaye na ƙarni na 19 na Ordnance Survey, hukumar zana taswirar Birtaniya, da tsofaffin takardun filaye. Wanda rubutunsa mafi daɗewa bai nuna coille ba, ki cire shi tun yau.