Murya ta dishe a tsakiyar horo, malami ya ce buɗewa take yi

Tambaya: Malam, daga Garwa ta ƙasar Kamaru nake rubutowa. Ina cikin horon makonni shida na wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa, kullum daga safe zuwa la'asar. Tun mako na biyu muryata ta dishe, sautin sama ba ya fita sai iska. Mai koya mana ya ce buɗewa take yi, in ƙara ƙarfi. Ƙawata kuma ta kawo mini ƙwayar deksa (dexamethasone) daga wurin mai tallan magani. Saura kwana 20 mu hau dandamali, hankalina ya tashi.

Amsa: Ƙanwata, ajiye ƙwayar nan tukuna, kuma daga yau ki daina rera waƙa da cikakkiyar murya.

Wannan maganar ta "sai murya ta dishe take buɗewa" ta gama da matasa da yawa, kuma har yau ana maimaita ta a wuraren atisaye kamar karatu. Masu faɗarta suna kwatanta murya da damtsen ɗan dambe, wai sai ya yi tsami yake ƙarfi. Tantanin murya biyu da ke cikin maƙogwaro ba haka suke ba, fatar da ta lulluɓe su siririya ce ƙwarai, kuma haɗuwa suke suna rabuwa kusan sau 200 a daƙiƙa ɗaya idan mace tana magana. In kika hau sautin sama, adadin ya wuce 400. Ki lissafa sa'o'i shida a haka, da ƙarfi, cikin ƙurar hunturu ko zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Dishewa kumburi ce. Tantanin da ya kumbura ba ya rufewa daidai, shi ya sa iska ke tsere miki, kuma sautin sama ne ke fara ɓacewa. Aka ci gaba da matsa masa, sai wurin da suke gogayya ya yi kanta, ƙulli ɗaya a kowane gefe, kamar tafin hannun mai daka. Abin da wasu ke kira "ta buɗe" bayan watanni shi ne muryar da ta yi kauri da kaushi saboda ta rasa samanta. Asara ce aka sa mata suna mai daɗi. Malamin da ba ya iya bambanta gajiya da rauni bai kamata a damƙa masa maƙogwaron 'ya'yan mutane ba, ko shekara nawa ya yi a dandamali.

Deksa kuwa tana sauke kumburi na ɗan lokaci, nan haɗarinta yake. Za ki ji murya ta dawo, ki ƙwala waƙa a kan tantanin da bai warke ba, jijiyar jini ta fashe a cikinsa. Alamarta ita ce murya ta ɗauke farat ɗaya a tsakiyar waƙa. Asfirin ma yana ƙara wannan haɗarin don yana tsinka jini. Ban da haka, deksa na ɗaga sukarin jini da hawan jini, tana tayar da gyambon ciki, kuma wanda ya daɗe yana sha ba ya yanke ta dare ɗaya. Likita kan ba mawaƙi irinta, amma bayan ya leƙa maƙogwaro ya ga abin da ke ciki. Mai tire a bakin kasuwa me ya leƙa?

Zuma, citta, kanumfari da ɗanyen ƙwai ba sa taɓa tantanin murya, domin abin da aka haɗiye hanyar abinci yake bi. Da ya bi ta kansu, da kin ƙware. Zuma a ruwan ɗumi tana sanyaya maƙoshi, iyakarta ke nan.

Ga abin yi. Kwana uku ki yi shiru gwargwadon iko, in dole ki yi magana ki yi ta a hankali da muryarki ta kullum. Raɗa ba hutu ba ce, ta kan ƙara matse maƙogwaro, haka ma yawan gyaran murya. Ki sha ruwa kaɗan-kaɗan tun safe, lita biyu zuwa uku a wannan yanayin, domin ruwan da aka kwankwaɗa dab da waƙa bai kai ga jiƙa tantani ba. Sirace da tururin ruwa zalla, minti 10 safe da dare, shi ne ke isa wurin kai tsaye. Ki rufe hanci da baki a kan babur. Ki bar cin yaji da shan shayi mai kauri da dare, ki ba da sa'o'i uku tsakanin tuwo da kwanciya, saboda ƙwannafi na ƙona maƙogwaro cikin barci.

Ba sai kin bar horon ba. Ki yi rawa, ki haddace baitoci, ki riƙe matsayinki a dandamali, waƙar ce kawai za ki riƙa bi a zuci. Idan murya ta fara washewa, ki fara da minti 10 zuwa 15 na ɗumama ta: fitar da sautin "mmm" a hankali baki rufe, kaɗa leɓɓa, sai hura sauti ta bututun shan lemo cikin rabin kofin ruwa, daga ƙasa zuwa sama. Daga nan waƙa da rabin ƙarfi, kada ta wuce rabin sa'a ba hutu. Kada ki haɗa rawa da waƙa sai kowacce ta zauna ita kaɗai, domin mai haki da wuya yake tura sauti maimakon ciki. Ki nemi a ba ki makirufo tun a atisaye, kada a sa ki gasa da ganga.

Dishewar da ta kai mako biyu ba sauƙi, ko ta zo da zafi, ko jini, ko wahalar numfashi, ta likitan kunne, hanci da maƙogwaro ce, wanda ake rubuta ORL a ƙofarsa a asibitocinmu. Taki ta kai. Ki je cikin makon nan, ki gaya masa ke mawaƙiya ce da ranar wasanku, ki roƙi ya duba tantanin da madubi ko kyamara, kuma ya rubuta miki takardar hutun murya ki kai wa malaminku.